Gajiyar da ke biyo bayan cutar korona, da yadda ake lallaɓa jiki har ya dawo

Tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar a watan Mayu na 2023 cewa korona ta daina zama annobar da ke buƙatar matakin gaggawa a duniya, mutane da yawa suka ɗauka cewa maganarta ta ƙare. Sai dai mu ma'aikatan lafiya muna ci gaba da ganin waɗanda zazzaɓi da mura suka sake su tun tuni, amma ƙarfin jikinsu bai dawo ba. Magidanci yakan ce da can yana yin noman yini guda, yanzu kuwa tafiya masallacin unguwa ma sai ya tsaya a hanya yana haki. Uwar gida takan ce idan ta yi wanki da safe, sai ta kwana biyu tana jin jikinta kamar an yi mata duka. Irin wannan koke shi ne dalilin wannan faɗakarwa.

A watan Oktoba na 2021 hukumar ta fitar da bayanin wannan lalura: alamomin da ake samu yawanci wata 3 bayan kamuwa da korona, waɗanda suka ɗauki aƙalla wata 2, kuma bincike bai gano wata cuta da ta haddasa su ba. Daga baya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 6 cikin 100 da suka kamu suna fuskantar hakan. An tattara alamomi sama da 200, amma waɗanda aka fi gani su ne gajiya mai tsanani, sarƙewar numfashi, yawan mantuwa da kasa tattara hankali, bugun zuciya da sauri idan an miƙe tsaye, ciwon gaɓoɓi, rashin barci, da daina jin ƙamshi ko ɗanɗano. Lalurar ta fi samun mata da waɗanda cutar ta kwantar da su sosai, ko da yake tana kama matasa masu ƙarfi da suka ɗauke ta a matsayin ƙaramar mura.

Matsalar da ta fi damuna ita ce, tun daga 27 ga Fabrairu 2020 da aka tabbatar da cutar a Legas, mutane ƙalilan ne aka yi wa gwaji idan aka kwatanta da yawan jama'armu, saboda haka mai wannan gajiya sau da yawa bai ma san ya taɓa kamuwa ba. Abin da ke biyo baya sananne ne. Zai tafi kemis ya sayi maganin maleriya, bayan mako biyu a ce masa taifot ne, a ɗora shi kan allurai da ƙarin ruwa, wani kuma ya haɗa masa da dezametason domin ya ji ƙarfi, alhali wannan magani yana iya tayar da sukari da hawan jini idan aka sha shi ba bisa umarnin likita ba. Kuɗi suna ta fita, jiki yana nan yadda yake, daga baya kuma 'yan uwa su fara cewa lalaci ne ko son jiki.

Babu gwaji guda ɗaya da ke tabbatar da wannan lalura, don haka matakin farko shi ne a je asibiti a kawar da shakku game da cututtukan da ke kama da ita, kamar ƙarancin jini, ciwon sukari, hawan jini, ciwon zuciya da tarin fuka. Duk tarin da ya wuce mako 2 ya kamata a gwada majinarsa, kuma gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka keɓe domin hakan. A gaya wa likita lokacin da alamomin suka fara da irin rashin lafiyar da ta gabace su, domin wannan tarihi shi ne abin da ya fi taimaka masa.

Inda ake yawan yin kuskure shi ne wajen komawa aiki. A al'adarmu idan mutum ya tashi daga jinya sai a ce masa ya daure ya motsa jini, kuma wannan shawara tana da amfani ga mafi yawan cututtuka. Amma wasu masu wannan lalura suna da wata alama ta daban: idan suka yi aikin da ya fi ƙarfinsu, ko na jiki ne ko na tunani, ba a lokacin suke jin illarsa ba, sai bayan yini ɗaya ko biyu, kuma sukan kwanta na kwanaki. Irin wannan majinyaci ƙarfinsa kamar jarin ɗan tireda ne, idan ya cinye uwar kuɗi yau, gobe babu abin da zai juya. Abin da ake so shi ne ya raba aikin yini gida-gida, ya huta tun kafin gajiya ta kama shi, ya zauna a kujera idan zai yi wanka ko girki, kuma ranar da ya tashi da ɗan ƙarfi kada ya ce sai ya biya bashin ayyukan mako. Idan ya yi kwanaki a mataki ɗaya ba tare da jikin ya koma baya ba, sai ya ƙara kaɗan. A nan ne iyali suke da babban aiki, musamman maigida da surukai idan mace ce majinyaciyar, domin ɗiban ruwa, daka da goyo ba su barin ta ta huta sai an ɗauke mata su.

Mai sarƙewar numfashi ya riƙa shaƙar iska a hankali ta hanci, ya fitar da ita ta baki da leɓɓa a tsuke kamar mai hura koko, ya kuma nisanci hayaƙin itace da na sigari, ya rufe hanci a lokacin hunturu da ƙura. Wanda ya daina jin ƙamshi zai iya horar da hancinsa ta hanyar shinshina abubuwa masu ƙamshi irin su kanumfari da ɓawon lemun tsami sau biyu a yini na tsawon watanni. Zubewar gashi bayan wata biyu ko uku da zazzaɓi kuwa takan tsaya da kanta.

Akwai alamomin da ba a jira da su ko kaɗan: ciwon ƙirji, numfashin da ya sarƙe farat ɗaya, kumburi da ciwo a ƙafa ɗaya, tari da jini, suma, karkacewar baki ko mutuwar ɓarin jiki. Waɗannan suna iya nuna daskarewar jini a jijiya ko matsalar zuciya, kuma a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne. Haka nan wanda damuwa ta yi masa yawa har ya fara jin rayuwa ta ishe shi, a zauna da shi a saurare shi, sannan a raka shi wurin likita.

Mafi yawan majinyata suna samun sauƙi sannu a hankali cikin watanni, wasu kuma sukan wuce shekara. Bincike ya nuna cewa allurar rigakafin korona tana rage yiwuwar samun wannan lalura, kuma sake kamuwa da cutar yana iya dawo da alamomin, saboda haka tsofaffi, masu ciwon sukari, masu hawan jini da mata masu juna biyu su tambayi ma'aikacin lafiya na asibitin da ke kusa da su game da rigakafin.