Stephon Marbury a gasar ƙwallon kwando ta ƙasar Sin

Stephon Xavier Marbury ɗan wasan ƙwallon kwando ne ɗan Amurka. An haife shi ranar 20 ga Fabrairu, 1977, ya tashi a unguwar Coney Island da ke Brooklyn, cikin birnin New York. Ya yi shekara 13 yana buga gasar NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, daga nan ya koma gasar CBA ta ƙasar Sin, inda ya buga daga 2010 zuwa 2018. A wannan zango na biyu ne ya ɗaga kofi sau uku, abin da bai samu ba ko sau ɗaya a gida.

Bayan shekara guda a jami'ar Georgia Tech, ƙungiyar Milwaukee Bucks ta ɗauke shi a matsayi na huɗu a zaɓen sababbin 'yan wasa na 1996, kuma nan take ta yi musayarsa da Ray Allen na Minnesota Timberwolves. Ya buga wa New Jersey Nets da Phoenix Suns, sau biyu ana sa shi a wasan zaratan NBA, a 2001 da 2003. Komawarsa New York Knicks a 2004, ƙungiyar garin haihuwarsa, ba ta yi masa daɗi ba. Ya yi ta saɓani da masu horarwa Larry Brown da Isiah Thomas, aka ajiye shi a benci a zamanin Mike D'Antoni, mahaifinsa kuma ya rasu a Disambar 2007. Bayan ɗan gajeren zama a Boston Celtics a 2009, jaridun Amurka suka ɗauka tasa ta ƙare.

A Janairun 2010 ya sa hannu da Shanxi Zhongyu ta birnin Taiyuan, kakar da ta biyo baya ya buga wa ƙungiyar Foshan. Ba a ga wani abin mamaki a nan ba. Baƙin 'yan wasa daga Amurka sun daɗe suna zuwa Sin, su zuba maki, su karɓi albashi, kaka ta ƙare su tattara nasu ya nasu. A lokacin dokar gasar ta bai wa yawancin ƙungiyoyi damar ɗaukar baƙi biyu kacal, kuma ta iyakance tsawon lokacin da za su yi a fili tare. Saboda haka baƙon da ya iya cin maki shi kaɗai ba ya isar da ƙungiya ko'ina idan 'yan gida ba su taɓuka ba.

Abin da ya bambanta Marbury ya fito fili ne da ya koma Beijing Ducks a 2011, ƙarƙashin koci Min Lulei. Mutumin da aka yi wa laƙabi da son kai a New York ya zama mai rarraba ƙwallo, mai jan matasan ƙungiya a jiki, tare da abokin wasansa Ba'amurke Randolph Morris. Suka ci wasanni 13 na farkon kaka a jere. A jerin wasannin ƙarshe na 2012 suka doke Guangdong, wadda ta mamaye gasar shekaru da dama, da wasa huɗu da ɗaya. Marbury ya ci maki 41 a wasa na biyar. Kofin CBA na farko ke nan a tarihin ƙungiyar. Suka maimaita a 2014 a kan Xinjiang, sannan a 2015 a kan Liaoning, inda aka ba shi kyautar gwarzon wasannin ƙarshe yana da shekara 38.

Karramawar da ya samu a Beijing ta wuce ta ɗan wasa na haya. A 2012 aka kafa mutum-mutuminsa na tagulla a harabar filin wasa na Wukesong. A 2015 aka buga hotonsa a jikin kan sarki na aika wasiƙa, aka kuma buɗe ƙaramin gidan tarihi da sunansa. Gwamnati ta ba shi takardar izinin zama na dindindin, wadda ba kasafai baƙi ke samu a Sin ba. Magoya baya na kiransa Ma Buli. Shi ma ya taimaki kansa: yana hawa jirgin ƙasa na cikin gari kamar kowa, yana zuwa kallon ƙwallon ƙafa na Beijing Guoan, yana rubutu a jaridar China Daily.

Rabuwarsa da Ducks a 2017 ta zo da ɗan ɗaci, domin yana son ya ƙara kaka ɗaya a fili, ƙungiyar kuma tana son ya koma horarwa. Sai ya tsallaka zuwa ɗaya ƙungiyar birnin, Beikong, ya buga kakarsa ta ƙarshe, ya yi ritaya a Fabrairun 2018. A 2019 Beikong, wadda ake kira Beijing Royal Fighters, ta naɗa shi babban koci, ya riƙe muƙamin har 2023.