Amazing Grace: waƙar tuban tsohon mai fataucin bayi

Amazing Grace waƙar yabo ce ta Kirista wadda wani limamin cocin Ingila mai suna John Newton ya rubuta a ƙarshen shekarar 1772, aka buga ta a 1779. In za a faɗi sunan da Hausa sai a ce alheri mai ban mamaki, alheri ɗin nan kuwa irin wanda Littafi Mai Tsarki ke nufi ne, wato kyautar Allah ga wanda bai cancanta ba. Tana cikin waƙoƙin coci da aka fi sani a duniya, ana rera ta wajen jana'iza, wajen wa'azi, a gidan yari, har ma waɗanda ba su taɓa taka ƙofar coci ba sun san muryarta. Abin da ya sa ake yawan kawo ta in ana zancen tuba da tawali'u shi ne wanda ya rubuta ta tsohon kyaftin ɗin jirgin bayi ne, sai dai labarin da ake bayarwa a bakin mutane ya ɗan sha gyara, ba haka abin ya tafi sumul ba.

Wane ne John Newton

An haife shi a unguwar Wapping a Landan a 1725. Mahaifiyarsa mai ibada ce sosai, ita ta fara koya masa karatun Littafi Mai Tsarki, amma tarin fuka ya yi ajalinta tun bai cika shekara 7 ba. Babansa kyaftin ɗin jirgin ruwan 'yan kasuwa ne, dan haka yana shekara 11 aka sa shi a jirgi. Daga nan yaro ya tashi ba kwaɓa, ga bakin ashar, ga raina na gaba, shi da kansa ya rubuta daga baya cewa ba barin addini kawai ya yi ba, har jan wasu yake su bari, yana mai da ibada abin dariya.

Yana ɗan shekara 18 aka kama shi da ƙarfi aka sa shi aikin sojan ruwa a jirgin HMS Harwich, lokacin haka ake yi, in jirgin yaƙi na neman ma'aikata sai a damƙe matasa a bakin tasha kawai. Ya gwada gudu aka kamo shi, aka zane shi da bulala a gaban kowa aka kuma rage masa muƙami. Daga baya aka sauya shi zuwa wani jirgin bayi mai zuwa Afirka ta Yamma, can ma bai zauna lafiya da kowa ba, ƙarshe ya koma yaron wani Bature dillalin bayi mai suna Amos Clowe a tsibiran Plantain da ke gaɓar Saliyo. A nan ne duniya ta koya masa hankali. Zazzaɓi ya kwantar da shi, matar maigidan nasa wadda 'yar wani babban gida ce a cikin mutanen Sherbro ta wulaƙanta shi iya wulaƙanci, yunwa ta ci shi har bayin da ke ɗaure su ke ɓoye ɗan abincinsu su miƙa masa. Wannan ya tsaya masa a rai har tsufa, shi ya sa a rubutun da ya tsara a sa a kabarinsa ya kira kansa baran bayi a Afirka.

Guguwar 1748, da tuban da ya ɗau lokaci

Babansa ne ya roƙi wani kyaftin ya nemo masa ɗansa, aka kuwa same shi aka sa shi a jirgin Greyhound mai ɗauke da kakin zuma da itacen rini zuwa Ingila. A hanya ya tsinci littafin Thomas à Kempis na koyi da Almasihu yana ɗan leƙawa dan kashe lokaci. Ran 10 ga Maris 1748, a lissafin tsohuwar kalanda, guguwa ta far wa jirgin a tekun Atlantika, ruwa ya tafi da wani ma'aikaci ɗaya, jirgi ya fara shan ruwa, Newton na cikin masu kwarfe ruwan har ya gaji liƙis, sai ya ji bakinsa ya furta roƙon jinƙan Ubangiji, abin da rabonsa da yi tun yana yaro. Kusan wata guda suka yi suna lallaɓa jirgin, abinci ya kusa ƙarewa, kafin suka shiga Lough Swilly a arewacin ƙasar Ailan. Har ya mutu duk shekara sai ya keɓe ranar nan ya yi addu'a.

To a nan ne masu ba da labari ke tsallake wani babban rami. Ana cewa wai guguwa ta lafa, ya tuba, ya watsar da cinikin bayi, ya zauna ya rubuta waƙa. Sam ba haka ba ne. Bayan guguwar ma ya ƙara nitsa cikin sana'ar, ya yi mataimakin kyaftin a jirgin Brownlow, sannan ya zama kyaftin da kansa a jirgin Duke of Argyle a 1750, bayan nan ya yi tafiya biyu da jirgin African. Ya daina ashar da caca, yana tara ma'aikatansa yana musu addu'a ran Lahadi a saman jirgi, a ƙasan ƙafafunsa kuma mutane ne jibge cikin mari kamar buhunan hatsi. Littafin da yake rubuta abubuwan yau da kullum a jirgi yana nan har yau, a ciki akwai inda ya rubuta cewa ya sa an matse wa wasu yara manyan yatsu da ƙarfe dan su tona shirin tawaye. Kuma bai bar teku dan zuciyarsa ta hana shi ba, wani ciwo ne mai kama da farfaɗiya ya kayar da shi a 1754 ana dab da tashi wata tafiyar, shi ke nan ya haƙura.

Shi kansa bai ɓoye ba, ya ce ba zai iya kiran kansa mai bi na sosai ba sai da aka daɗe bayan guguwar. A ganina wannan ne ya ba wa waƙar nauyi, dan da a ce tuban dare ɗaya ne da ba ta taɓa zuciyar talaka mai faɗuwa yana tashi haka ba.

Olney da ranar sabuwar shekara

Ya samu aikin kwastan a tashar Liverpool a 1755, yana duba jiragen da ke shigowa, a gefe kuma yana koya wa kansa Girkanci da Ibrananci yana bin wa'azin su George Whitefield. Ya nemi a naɗa shi limami aka yi ta ƙi tun da bai yi jami'a ba kuma ana ganin ya cika zafin bishara, sai a 1764 da taimakon Lord Dartmouth aka naɗa shi aka tura shi Olney, wani ɗan gari a Buckinghamshire. Mutanen garin talakawa ne, yawanci saƙar leshi da hannu suke, da yawa ba su iya karatu ba. Dan haka Newton ya ɗauko dabarar rubuta waƙa mai sauƙin kalmomi da za ta raka wa'azinsa, mutum ya tafi gida da ita a ka. Mawaƙi William Cowper da ya zo garin da zama a 1767 ya zama abokin aikinsa.

Amazing Grace an shirya ta ne dan wa'azin 1 ga Janairu 1773, shekara 25 kenan bayan guguwar. Nassin ranar shi ne Littafin Tarihi na Fari 17:16-17, inda annabi Natan ya kawo wa sarki Dawuda alkawarin Allah a kan gidansa, sai Dawuda ya shiga ya zauna a gaban Ubangiji yana tambaya shi wane ne, gidansu kuma mene ne, har da za a kawo shi wannan matsayi. Tsohon makiyayin tumaki ne ke mamakin yadda ya zama sarki, tsohon dillalin mutane kuma yana karanta wa masu saƙa. Tawali'un da ke cikin waƙar daga wannan tambayar ya fito. Newton ya bi tsarin addu'ar Dawuda, a waiwayi baya a ga haɗarin da aka tsallake, a dubi yau, a hangi gaba da bege, asalin sunan da ya sa wa waƙar ma abin da yake nufi kenan, waiwayen bangaskiya da sa zuciyarta. Wani abin tausayi, a cikin watan nan ne ciwon damuwa mai tsanani ya sake kama Cowper har ya yanke cewa Allah ya yashe shi, bai ƙara komawa sujada a coci ba.

An buga ta a littafin Olney Hymns na 1779 mai waƙoƙi 348, mafi yawa na Newton, sauran na Cowper. Baiti 6 gare ta, kuma ba ta yi wani fice ba a lokacin.

Abin da ke ciki

Kalmomin gajeru ne, kusan duka masu gaɓa ɗaya a Turanci. Mai waƙar na magana da bakin kansa, ni ne na ɓata aka same ni, ni ne makaho na samu gani, hotuna biyu da aka ɗauko daga misalin ɓataccen ɗa a Luka 15 da makahon da Yesu ya warkar a Yohanna 9. Tun a baitin farko ya kira kansa da wata kalma mai nauyi da ke nufin lalatacce, abin ƙyama, wanda ba shi da ta cewa. Wasu mawaƙan zamani da wasu littattafan coci sun sauya kalmar dan wai ta yi tsauri, amma in aka cire ta to mamakin na mene ne kuma? Koyarwar Afisawa 2:8 ce ke ƙarƙashi, ceto ta wurin alheri yake, ba aikin mutum ba ne balle ya yi fahariya.

Abin lura, babu ambaton bayi ko jirgi ko Afirka a cikinta ko sau ɗaya, kai ko sunan Yesu ma babu a baitocin. Wannan ya sa kowa ke iya zuba nasa labarin a ciki, ɗan giya da ya daina, fursuna, uwar da ta binne ɗa.

Ikirarin da ya zo a makare

Newton ya koma cocin St Mary Woolnoth a tsakiyar Landan a 1780. A 1785 matashin ɗan majalisa William Wilberforce ya zo masa a ɓoye yana tunanin barin siyasa ya koma aikin coci, Newton ya ce masa ya zauna a majalisa ya bauta wa Allah a can. Sai a 1788, shekara 34 bayan ya bar teku, ya fitar da ɗan littafinsa a kan cinikin bayi na Afirka, ya bayyana yadda ake jera mutane a cikin jirgi da yawan masu mutuwa a hanya, ya amsa cewa ikirarin nasa ya makara, kuma abin zai kasance abin kunya gare shi har kullum. An aika wa 'yan majalisa kofe-kofe, ya kuma ba da shaida a gaban kwamiti. Majalisar Birtaniya ta haramta cinikin a Maris 1807, shi kuma ya rasu ran 21 ga Disambar shekarar yana da 82, idanunsa sun riga sun tafi. A 1893 aka kwashe ƙasusuwansa da na matarsa Mary aka mayar Olney.

Yadda ta zama waƙar bishara a Amurka

A Ingila kusan mantawa aka yi da ita, Amurka ce ta raya ta. A farkon ƙarni na 19 ana manyan tarukan farkawa a daji, dubban mutane su yi kwanaki a tantuna ana wa'azi ana kiran masu tuba su fito gaba, waƙa mai sauƙin haddacewa irin wannan ita ake nema. An rera ta da muryoyi daban-daban sama da 20, sai a 1835 William Walker na jihar Karolina ta Kudu ya haɗa ta da muryar da ake kira New Britain a littafinsa Southern Harmony, ita ce muryar da kowa ya sani yau, Newton bai taɓa jin ta ba. Baitin ƙarshe ma da ke maganar shekaru dubu goma a sama ba nasa ba ne, daga wata waƙar aka aro, ya bayyana tare da ita a labarin Uncle Tom's Cabin na 1852.

Nan ne abin ya juya yadda ba wanda ya zata, jikokin mutanen da irin jiragen Newton suka kwaso su suka rungumi waƙar suka mai da ita tasu. A cocin baƙaƙen fata akwai salon da jagora ke faɗin layi jama'a su amsa suna ja a hankali, gaɓa ɗaya sai a yi ta lanƙwasa ta ana nishi ana kuka, baiti ɗaya ya ci mintuna. Kuma tana shiga lokacin ba da shaida, inda mutum zai miƙe ya faɗi inda Allah ya tsamo shi. Mawaƙiyar bishara Mahalia Jackson ta naɗe ta a faifai a 1947, ta kuma rera ta a zamanin gwagwarmayar neman 'yancin baƙar fata. Judy Collins ta shigar da ita kasuwar waƙa a 1970 ba tare da kiɗa ba, a 1972 sojojin Royal Scots Dragoon Guards suka busa ta da algaitar Sukotlan ta hau lamba ɗaya a Birtaniya, a Janairun shekarar kuma Aretha Franklin ta rera ta a cocin New Temple Missionary Baptist a Los Angeles tare da James Cleveland, faifan ya sayar da fiye da miliyan 2. Ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya tara naɗe-naɗenta sama da 3,000.

Ran 17 ga Yuni 2015 wani matashi farar fata ya shiga cocin Emanuel a Charleston, ya zauna da masu nazarin Littafi Mai Tsarki kusan awa guda sannan ya harbe mutum 9, har da faston cocin Clementa Pinckney. Wasu daga iyalan mamatan sun ce masa sun yafe a gaban kotu. Ran 26 ga watan, wajen jana'izar faston, shugaban Amurka na lokacin Barack Obama yana cikin jawabi a kan alheri sai ya yi shiru na ɗan lokaci, ya ɗauko baitin farko shi kaɗai, limaman da ke bayansa suka miƙe, mai kiɗan coci ya lalubo muryar, jama'a suka karɓa.