Maganin Sassauta Tsoka a Tiyatar Huji ga Yara

Maganin sassauta tsoka allura ce da likitan sa barci yake yi ta jijiyar jini domin tsokokin jiki su saki gaba ɗaya na ɗan lokaci. Ba ya sa barci, ba ya kashe zafi. Aikinsa kawai tare saƙon da jijiyar motsi ke kai wa tsoka, har da tsokar numfashi, shi ya sa ba a bayar da shi sai yaro ya yi barci kuma an tanadi bututu da na'urar da za ta yi masa numfashi. A 1942 Harold Griffith da Enid Johnson suka yi amfani da irinsa a Montiriyal ta ƙasar Kanada, daga kurare, dafin kibiyar mafarautan Kudancin Amurka.

A tiyatar huji, wato wadda ake yi ta ƙananan huji da kyamara maimakon tsaga ciki, kamar ta afendis ko ta ƙwan maraina da bai sauko ba, ana hura iskar kabon dayoksaid a ciki domin kyamara ta samu fili. Cikin yaro ƙarami ne, kuma ba ya jure matsin iska irin na babba, don yana takura huhu. Idan tsokar ciki ta saki, sai a samu sarari ba tare da ƙara matsi ba, yaron kuma ba zai yunƙura ba alhali ƙarfe na cikinsa.

Ana auna maganin da nauyin yaro. Ko dai a ba shi sau ɗaya a riƙa ƙarawa, ko a ɗora shi a famfon sirinji yana shiga kaɗan-kaɗan. Daga cikin irin waɗannan magunguna akwai rokuroniyam da atarakuriyam. Rokuroniyam yakan daɗe a jikin jarirai. Atarakuriyam kuwa da kansa yake wargajewa, bai dogara da hanta ko ƙoda ba, amma firji yake buƙata, tsakanin digiri 2 zuwa 8. A zafin bazarar Zariya wannan ba ƙaramin lamari ba ne, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ko a ƙaramin asibiti.

Wurin da ya fi buƙatar lura shi ne farfaɗowa. Ana manna wayoyi biyu a wuyan hannu, a aika lantarki sau huɗu a jere, a duba motsin babban yatsa. Sai ƙarfin na huɗu ya kai kashi 90 cikin 100 na na farko ake cire bututu. Niyostigmin tare da atirofin ne aka saba warware maganin da su. Sugamadeks ya fi sauri, sai dai yana da tsada, kuma ba ya aiki a kan atarakuriyam.