Idan mutum ya ce "tunani ya yi min yawa"

A asibitin sha-ka-tafi da nake aiki, ba kasafai ake shigowa da wannan kalma a baki ba. Sai an gama lissafa ciwon kai, ciwon gaɓoɓi, faɗuwar gaba da rashin barci, an gwada jini ba a ga maleriya ba, sannan baiwar Allah za ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, tunani ne ya yi min yawa." A nan ne ainihin ganin likita yake farawa.

Kalmar tunani daga "tuna" ta fito, kuma fuska biyu gare ta a bakinmu. In an ce wane mai tunani ne, yabo ne. In uwa ta ce wa ɗanta "ka yi tunani", tana nufin ya auna, ya yanke shawara, ya tashi ya aikata. Wannan tunanin yana da ƙarshe. Amma da an ce "ta shiga tunani" ko "tunani ya cinye shi", magana ta sauya. Abu ɗaya ne ke kai da komowa a zuci dare da rana: bashi, rasuwa, mutuwar aure, ɗan da ya ƙi ji, garin da aka baro saboda rashin tsaro. Daka ruwa a turmi ke nan, ga gajiya, ba gari.

Abin da ke ci min rai shi ne amsar da muke bayarwa. "Ki rage tunani." "Ka cire abin a ranka." Da zai ciru, ai da tuni ya cire. Haƙuri da addu'a suna da matsayinsu, ni ma da su nake dogaro, amma ba mu taɓa ce wa mai ciwon suga ya yi haƙuri kawai ya koma gida ba.

Ga ma'aunin da muke bi. Idan mutum ya kwashe mako biyu ko fiye, kusan kullum ransa a jagule, abin da yake so a da ya fita daga kansa, barci ya ƙaurace ko ya yi yawa, abinci ya ƙi ciyuwa, yana ganin kansa ba shi da amfani, to abin ya wuce ɓacin rai na yau da gobe. Ciwon damuwa ne, kuma yana jin magani. A sa ido musamman a kan mai jego. Kukan kwanakin farko bayan haihuwa yakan wuce da kansa, amma in aka yi suna, aka doshi arba'in tana nan jugum, ba ta ɗokin jaririn, kada a ce sangarta ce.

Na san abin da ke hana mutane magana: tsoron a ce sun haukace. Hausa kuwa ta riga ta raba tashin hankali da taɓin hankali. Mai yawan tunani ya san kansa, ya san mutanensa, nauyi ne ya danne shi. Kuma ko taɓin hankalin ma ciwo ne da ake kai wa asibiti, ba a ɗaure mutum da mari. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi kare mutuncin irin waɗannan marasa lafiya.

Ba mu kaɗai ke kiran ciwon da wannan suna ba. Mutanen Shona na Zimbabuwe suna cewa "kufungisisa", wato tunani ya yi yawa. A 2006 wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, ya fara horar da tsofaffin mata a Harare, suna zama a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, suna taya su warware matsala ɗaya bayan ɗaya, kuma bincike ya nuna ana samun sauƙi. Mu da muke da zaure da tabarmar tsakar gida, wannan bai fi ƙarfinmu ba. Ka zauna, ka ce "me ke damunka?", ka yi shiru ka saurara, kada ka yi gaggawar wa'azi, kada kuma sirrin ya fita.

A guji neman barci da tiramol, kodin ko ƙwayar da aka saya a kemis ba takardar likita.

Idan kuwa mutum ya fara cewa "gara in mutu in huta", kada a ɗauka magana ce ta fatar baki. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da fiya-fiya, maganin ɓera da tarin ƙwayoyi daga inda hannunsa zai kai, a kai shi asibiti a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa da ke Kaduna, da Maiduguri, da Kware a jihar Sakkwato, ga kuma na Dawanau a Kano. In sun yi nisa, a fara da asibiti mafi kusa, mu za mu rubuta takardar turawa.