Wakilcin ɗaliban lauya a kotun ƙananan ƙararraki

Wakilcin ɗaliban lauya izini ne da wasu ƙasashe ke bai wa ɗalibin da bai gama karatun shari'a ba ya tsaya wa mai ƙara ko wanda ake ƙara a gaban alƙali, ƙarƙashin kulawar cikakken lauya. Batun yakan taso a kotunan ƙananan ƙararraki, inda ake sauraron rigimar bashi ko kuɗin haya da ba su kai a ɗauki lauya a kansu ba.

Tarihi

A Amurka tsarin ya yi ƙarfi. Ana yawan ambaton kotun birnin Cleveland ta wajajen 1913 cikin na farkon kotunan ƙananan ƙararraki. A 1933 masanin shari'a Jerome Frank ya yi kira da a horar da lauyoyi yadda ake horar da likitoci a asibiti, amma sai bayan shekaru talatin maganar ta samu shiga. A 1963, a shari'ar Gideon, Kotun Ƙoli ta wajabta wa jihohi samar da lauya ga talakan da ake tuhuma da babban laifi, lauyoyin kuwa ba su wadata ba. Gidauniyar Ford ta zuba kuɗi daga 1968 don buɗe ofisoshin taimakon shari'a a jami'o'i, kuma a 1969 ƙungiyar lauyoyin Amurka ta fitar da ƙa'idar wakilcin ɗalibai da jihohi da dama suka kwaikwaya.

Sharuɗɗan sun yi kama da juna. Ɗalibi ya kai wani mataki a karatu, makarantarsa ta shaide shi, wanda zai wakilta ya amince a rubuce, kuma ba ya karɓar ko sisi daga hannunsa. In aka yi kuskure, lauyan da ke kula da shi ne zai amsa.

Wasu wurare

A Kalifoniya ta Amurka da Kebek ta Kanada, asali lauya ma ba ya wakiltar kowa a zaman kotun ƙananan ƙararraki, balle ɗalibi. A Ingila, inda iyakar yawancin ƙananan ƙararraki fam 10,000 ce, wanda ba lauya ba yana iya yin magana a madadin mai ƙara muddin mai ƙarar yana zaune a wurin.

Nijar

Shari'ar Nijar ta gaji tsarin Faransa, wanda ke ware ɗalibin jami'a daga lauya mai neman ƙwarewa. Dokar 2014 kan aikin lauya ta UEMOA, ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta Afirka ta Yamma da Nijar ke ciki, ta tanadi horon shekara 3 a ofishin wani babban lauya bayan rantsuwa, kuma a wannan matakin ne mutum ke fara tsayawa gaban alƙali. Ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da na Jami'ar Djibo Hamani ta Tahoua ba su kai nan ba tukuna.

Galibin lauyoyin ƙasar a Yamai suke, don haka mai bin bashin kuɗin albasa a Tahoua yakan fara da maigari ko sarki, waɗanda doka ta ba ikon sasanci, kafin ya je kotu da bakinsa da shaidunsa. A 2011 aka kafa hukumar ANAJJ don taimakon marasa ƙarfi a harkar shari'a.

Saɓani

Masu goyon baya na cewa ɗalibi mai kulawa ya fi babu. Masu suka na tsoron a mai da talaka abin koyon aiki.