Sharar Kayan Lantarki da Illarta ga Lafiya

Sharar kayan lantarki ita ce duk wata na'ura mai aiki da wuta ko batir da aka daina amfani da ita aka zubar: wayar hannu, kwamfuta, talabijin, firji da makamantansu. Rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a shekarar 2022 an tara tan miliyan 62 na irin wannan shara a duniya, kuma kashi 22 cikin ɗari kacal aka tabbatar an tattara an sarrafa ta hanyar da ta dace. Sauran kuwa wani ya ƙare a juji, wani a hannun 'yan jari-bola, wani kuma an loda shi a jirgin ruwa zuwa ƙasashe matalauta da sunan kayan gwanjo.

Abin da ke jan mutane zuwa ga wannan shara shi ne dukiyar da ke cikinta, wato tagulla, alminiyam da ɗan zinare. Illar tana shigowa ne ta hanyar da ake ciro su. Mai neman tagulla yakan tara wayoyin wuta ya banka musu wuta don robar ta narke, ya tsaya a kai yana juya su da sanda cikin baƙin hayaƙi, ba safar hannu, ba abin rufe hanci. Wannan hayaƙi na ɗauke da guba mai suna dayoksin, wadda aka tabbatar tana haddasa cutar daji. Wasu kuma kan jiƙa allunan kwamfuta cikin ruwan asid don fitar da zinare, sannan su zubar da ruwan a ƙasa ko a rafi. Ƙuna, yanka, tari da ciwon ido su ne abin da ma'aikaci ke gani nan take.

Mafi muni ita ce dalma, domin ba ta nuna kanta da wuri. Gilashin tsohuwar talabijin mai ƙaton baya yana ɗauke da ita da yawa, haka ma abin da ake like allunan na'ura da shi. Idan aka fasa ko aka ƙona, sai ta zama ƙura ta kwanta a ƙasa, ta bi tufafin ma'aikaci har cikin gida. Yaro mai rarrafe ya sa hannu a baki ya haɗiye. Jikin yaro ya fi na babba saurin tsotse ta, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira marar lahani. Tana dakushe kaifin basira, kuma ɓarnar da ta yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa. Ga mai juna biyu, tana ratsa mahaifa ta kai ga ɗan tayi. An danganta zama kusa da irin waɗannan wurare da haihuwar bakwaini da haihuwar jariri a mace. Zaibar da ke cikin wasu fitilu tana taɓa jijiyoyi, ƙarfen kadmiyam na wasu batura kuma yana lalata ƙoda.

Wurare biyu sun yi ƙaurin suna: Guiyu a kudancin Sin, da Agbogbloshie a birnin Accra na Ghana. A wani bincike da aka wallafa a 2019 an gwada ƙwan kajin da ke kiwo a Agbogbloshie, aka tarar dayoksin ɗin da ke cikin ƙwai ɗaya ya ninka iyakar da Turai ta sa wa mutum a rana sau 220. Wanda ya ci wannan ƙwai wataƙila bai taɓa ƙona waya ko sau ɗaya ba.

Yarjejeniyar Basel ta 1989 ta taƙaita safarar shara mai guba tsakanin ƙasashe, ta Bamako ta 1991 kuma ta haramta shigo da ita Afirka, amma lakabin gwanjo yana ba masu fasa-ƙwauri kafar wucewa. Hukumomin Ghana sun rushe kasuwar Agbogbloshie a 2021. Ma'aikatan sun watsu zuwa wasu unguwanni da sana'arsu, gubar kuma tana nan cikin ƙasar da suka bari.