Direban babbar mota a wata duniya: yaya motarsa za ta kasance?

Masu ƙirƙirar labaran kimiyya suna yawan zana wata duniya da ɗan Adam ya je ya zauna, manyan motocin dakon kaya suna keta jeji tsakanin mahaƙar ma'adinai da matsuguni, kowace mota da irin gyaran da mai ita ya yi mata. Yau babu irin wannan wuri. Sai dai duniyar Mars ce muka fi sani a cikin maƙwabtanmu, don haka da ita za mu auna hasashen.

Injin da muka saba da shi zai yi aiki a can?

A'a. Injin dizal da na fetur sai da iskar oksijin suke ƙona mai, iskar Mars kuwa kusan kashi 95 cikin ɗari kabon-dayoksaid ce, kuma matsinta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na tamu ba. Sai dai a koma ga lantarki. Batir kuma ba ya shiri da sanyi, ga shi matsakaicin yanayin can yana kusan digiri 60 ƙasa da sifili.

Tunda kaya sun fi rashin nauyi a can, ai tuƙi zai yi sauƙi?

Nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Ƙarfin da Mars ke jan abu zuwa ƙasa kusan kashi 38 cikin ɗari ne na na duniyarmu, saboda haka lodin tan 10 zai danne taya kamar bai kai tan 4 ba. Amma idan motar ta ɗauki gudu, tan 10 ɗin nan cur za ka tsayar. Taya ba ta kama ƙasa sosai, sai ka taka birki motar ta ci gaba da sulalewa, ta cinye tazarar da ta ninka wadda ka saba fiye da sau biyu. Direban can dole ya zama mai haƙuri, mai hango kwana tun daga nesa.

Me zai sa kowane direba ya sauya wa motarsa fasali?

Larura. Damar harba jirgi daga nan zuwa Mars tana zuwa ne kusan duk bayan wata 26, tafiyar kuma ta ci kimanin wata bakwai. Wanda ƙarfe ya karye masa ba zai zauna jiran kamfani ba. Zai kwance daga matacciyar mota ya ɗaura a tasa, ya yi walda, ya ƙara tanki, ya liƙe kafar da ƙura ke shiga. Bayan shekara goma, da wuya a sami mota biyu masu kama ɗaya.

An ma taɓa yin haka. A watan Disamba na 1972, lokacin tafiyar Apollo 17 da Amurka ta yi zuwa duniyar wata, gudumar da ke aljihun ɗan sama jannati Eugene Cernan ta maƙale a marfin tayar baya na motar da suke yawo da ita a kan wata, marfin ya ɓalle. Ƙura ta riƙa yi musu ruwa, shi da Harrison Schmitt, tana rufe kayan aiki. Sai suka haɗa taswira huɗu da tef, suka matse su a wurin da maƙalan fitila, suka ci gaba da aiki. Wannan faci yana ajiye a gidan tarihi a Washington. A ganina, ranar aka fara al'adar da muke magana a kai.

Taya ma haka. Motar da aka tuƙa a duniyar wata ba ta da tayar roba mai iska, da wayar ƙarfe aka saƙa ta. Na'urar Curiosity da ta sauka Mars a 2012 tayoyin alminiyam gare ta, kuma tun 2013 aka ga duwatsu masu kaifi sun fara huda su. Direban da ya san hanyarsa shi zai san irin tayar da ta dace da ita, fiye da injiniyan da bai taɓa taka wurin ba.

To, ado da fenti fa? Wa zai damu da su a irin wannan wahala?

Duk inda direba ya mayar da mota ɗakin kwanansa, sai ya ƙawata ta. Dubi manyan motocin Pakistan da zanen furanni da sarƙoƙi masu kaɗawa, ko manyan motocin Japan da ake kira dekotora masu walƙiya da fitilu, ko jifni na Filifin da aka ƙera daga motocin sojan Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A Mars kuwa ado zai yi amfani biyu. Ko'ina ja ne, ƙura ta lulluɓe komai, guguwarta kuma takan mamaye duniyar baki ɗaya, kamar ta 2018 da ta kashe na'urar Opportunity. Mota mai launi na daban da jerin fitilu nata na kanta, ita ce za a gane daga nesa a ce ga wane can ya tsaya.

Yaya direbobi za su riƙa gaisawa a hanya?

Ba da hon ba. Makirufon na'urar Perseverance ya nuna cewa sauti a Mars yana tafiyar kusan mita 240 a daƙiƙa, kuma siririyar ƙara tana mutuwa nan da nan. Gaisuwa za ta koma ta fitila da rediyo. Kamfas ma ba ya aiki, domin Mars ba ta da maganaɗisun da ya game ta kamar duniyarmu. Sanin duwatsu da ramuka zai zama ilimin da tsohon direba ke koya wa yaronsa. Wuce motar da ta lalace ba tare da tsayawa ba kuwa zai zama babban abin kunya, domin wanda ke ciki iskarsa ƙidayayya ce.

Ba kwamfuta ce za ta riƙa tuƙin ba?

Za ta ɗauki kaso mai yawa, musamman a miƙaƙƙiyar hanyar da aka saba bi. Tuƙi daga nan dai ba zai yiwu ba, tunda saƙo yana ɗaukar minti 3 zuwa 22 kafin ya isa. Amma ranar da taya ta nutse a rairayi, ko ƙura ta toshe wani maƙulli, sai an sami mai saka rigar sama jannati ya sauko da shebur da sifana. A 2009 na'urar Spirit ta kafe a ƙasa mai laushi, injiniyoyi suka shafe watanni suna ƙoƙarin fitar da ita daga nesa, ba ta fita ba.